Fuskar da Ja'afaru Ya Ara wa Yajinsa

Duk wanda ya zauna a Jekadafari ya san Ja'afaru. Dogo ne siriri, kamar an ja shi an manta ba a saki ba, idanunsa kuma kullum ja wur. Shekara da shekaru mutanen unguwa suna zargin shaye-shaye yake yi. Har limamin masallacin layinsu ya taɓa jan sa gefe ya yi masa nasiha mai ratsa jiki, Ja'afaru ya sunkuyar da kai ya ce in sha Allahu zai daina. Ya gwammace a kira shi ɗan ƙwaya da a san abin da ke ja masa ido. Abin kuwa barkono ne.

Mahaifinsa mutumin wajen Katsina ne, fataucin hatsi ya kawo shi Gombe, ya rasu Ja'afaru na ƙarami. Kakarsa Dada ce ta riƙe shi, kuma sana'ar Dada dakan yaji. Ranar kasuwar Kwadon take sayo barkono da citta da masoro da kimba, ta shanya, ta daka, ta ƙulla a leda, a shigo har gida a saya. Da kafaɗarta ta soma ciwo, Ja'afaru yana ɗan shekara goma sha biyar, sai ya karɓi taɓarya da sunan na kwana biyu. Yau shekara goma sha uku ke nan kwana biyun ba su cika ba.

Ba wai bai gwada aikin da ake kira na maza ba. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare, ya koyi gyaran waya har ya ƙona ta wani ɗan sanda, ya yi kwandastan mota sati uku, ya sayar da takalman gwanjo waɗanda rabinsu ƙafar hagu ce. Babu wanda ya karɓe shi. Amma a ba shi yaji ya shinshina, zai gaya maka cittar ta bana ce ko ta bara. Yana daka a bayan ɗaki da rediyo a kunne, gari kuma na cewa kai, tsohuwar nan Dada akwai ƙarfi. Dadar da buta ma sai an miƙa mata. Abin da yake tsoro ɗaya ne: ranar da abokansa na majalisa za su ji cewa shi ne ke durƙusa gaban turmi. Ya san irin sunan da za su laƙaba masa, kuma ya san a garin nan in suna ya kama mutum har jikokinsa sai sun amsa.

Bara ne ya yi tunanin faɗaɗa sana'ar: ya riƙa liƙe ledar da inji, ya manna mata sitika, ya kai shaguna. Sai ya nufi shagon Chibuikem, mai buga kalandar biki da katin gayyata da fosta. Iyayen Chibuikem daga kudu maso gabas suka zo, amma shi a Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Ja'afaru tsari.

Ja'afaru ya ce a zana masa turmi da taɓarya kawai. Chibuikem ya dube shi kamar ya ce a zana masa kabari. Ya jawo tarin tsofaffin mujallu daga ƙarƙashin tebur ya soma buɗewa shafi-shafi. Ya nuna masa tallar dunƙulen miya, mace ce riƙe da ludayi tana dariya. Tallar sabulu, mace. Tallar man girki, mace da yara uku da miji a zaune yana jiran a zuba. Da aka zo kan siminti da taki da babur da banki, sai ga maza da hular kwano ko babbar riga, an harɗe hannu ana kallon nesa kamar an hango motar kuɗi. Ya ce ƙa'idar aikin ke nan, kayan kicin mace ke saye, ita kuma mace tana son ta ga wata mace da ta fi ta kyau tana amfani da abin, sai ta ji ita ma za ta kamo ta. Ya ce uwarsa kullum ita ke shiga kasuwa, kuma bai taɓa ganin ta ɗauki abin da namiji ke murmushi a jikinsa ba.

"To a sa hoton Dada," in ji Ja'afaru.

"Haba Jafar. Tsohuwar da ba ta da haƙori? Cewa za a yi yajin ne ya zubar mata."

Ja'afaru ya san wani abu da ya kamata ya faɗa a nan. A Jekadafari, da yawancin gidajen da ya sani, maigida ne ke cefane, uwargida sai dai ta karɓi leda a tsakar gida. Amma ya yi gum, don ya hango amfaninsa: in akwai fuskar mace a jikin leda, har abada ba mai tambayar hannun wa ya daka.

Chibuikem ya yi 'yan danne-danne a kwamfuta, sai ga wata mace da koren mayafi, ga wushirya, tana murmushi irin na wadda aka gaya wa labari mai daɗi. Ya ce daga intanet ya samo, ƙila ma ba 'yar ƙasar nan ba ce. Suka raɗa mata Hajiya Bilkis, aka rubuta Yajin Hajiya Bilkis da jan rubutu, aka sa lambar wayar Ja'afaru a ƙasa.

Cikin wata biyu yajin ya shiga shagunan Jekadafari da Kumbiya-Kumbiya, har masu shago a Kwadon suna aikowa. Wayar Ja'afaru ta hana shi sakat. Sai dai duk wanda ya kira, murya ce mai kauri. A yi sallama, a yaba yaji a gurguje, sannan a yi gyaran murya a ce ko Hajiya na kusa. Ja'afaru ya ce shi manajanta ne, Hajiya ta tafi Umara. Bayan sati uku aka ce ai ya kamata ta dawo, ya ce ta zarce Dubai sarin kaya. Wani dattijo ya tambaye shi cikin ladabi ko akwai igiyar wani a kanta. Wani kuma ba ya kira, saƙon barka da Juma'a kawai yake turowa, da hoton fure.

Ran nan yana tafe ya ga Hajiya Bilkis a jikin tankin babur. Ya ƙara gaba ya gan ta a bayan keke, ya gan ta a teburin mai shayi kusa da gwangwanin madara, ya gan ta a madubin wanzami. Ɓare sitikar ake yi daga leda a manna inda ido zai riƙa sauka. Ya tsaya a bakin titi baki buɗe har wani mai mota ya yi masa hon.

Da ya kai wa Chibuikem labari, shi ma sakin baki ya yi. Ya ce yana ganin maza da ledar cefane tun yana yaro, amma ya ɗauka aiken su ake yi. Ja'afaru ya ce aiken su ake yi mana, amma wa ke tsayawa gaban kanta ya nuna da yatsa? Sannan Chibuikem ya ce to ai ciniki na tafiya, a bar shi haka. Aka bar shi haka.

Wata Asabar da hantsi, karon farko, mace ta kira. Murya a natse, ta ce tana son kaya da yawa, a yi mata kwatancen gida. Ja'afaru ya kwatanta da murna. Yana tsakiyar tankaɗe ya ji sallama a zaure, ya karkaɗe riga ya fito, gira da gemu duk jan gari.

Mayafin ba kore ba ne, ruwan toka ne. Murmushin ma babu. Amma da ta buɗe baki ta amsa gaisuwa sai ga wushiryar. Ja'afaru ya gane ta nan take. Ya yi wata biyar yana tura matar nan Makka da Dubai, ga ta tsaye a zauren kakarsa da jaka a kafaɗa.

Ta ce sunanta Najeeba, malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Kumbiya-Kumbiya. Hoton na kalandar walimarta ne, lokacin da ta gama digiri, shekara uku da suka wuce, kuma a shagon Chibuikem aka buga. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi tayar masa da hankali. Ta ba shi labarin yadda ta shiga aji ta tarar an rubuta Hajiya Bilkis a allo. Yadda wani direban keke ya yi ta waiwayen ta har ya kusa afka wa mai lemo. Yadda ta ga fuskarta a cikin kwata, takalmi ya bi ta kan hanci. Ta ce mijinta ya so ya zo da 'yan sanda, ita ta roƙe shi ya bari ta fara ganin mai yajin ido da ido.

"Malam, ina Hajiya Bilkis ɗin take?"

Ja'afaru ya buɗe baki zai ce Dubai. Daga tsakar gida, inda take kishingiɗe a tabarma, Dada ta riga shi amsawa.

"'Yar nan, ga ta nan gabanki da gemu."

Malama Najeeba ta leƙa. Ta ga turmi, ta ga rariya, ta ga buhun barkono, ta dawo da ido kan girarsa.

"Shekara shida na yi ina karatu," ta ce. "Ba wanda ya taɓa manna hotona don na iya lissafi. Ranar da fuskata ta zaga gari, a kan yaji ne. Ni da ko sau ɗaya ban taɓa daka shi ba, saya nake."

Ta ba shi sati guda. Duk inda sitikar take a cire. Amma ta ce cirewa kaɗai ba ta isa ba, don za a ce Hajiya ta daina sana'a ne, a ci gaba da neman ta a titi. Dole ya gaya wa mutane da bakinsa cewa matar hoton ba ruwanta, ya kuma faɗi wanda ke dakawa. In ba haka ba, za ta janye hannunta daga riƙe mijinta.

Chibuikem da ya ji, zama ya yi a kan kwalin takarda ya riƙe kai. Ya amsa cewa ba intanet ba ce, cikin tsofaffin ayyukan kwastomomi ya tsinto, bai ma tuna ta wace ce ba. Washegari uwarsa ta tasa shi gaba har gidan Malama ya durƙusa.

Shi kuwa Ja'afaru ya sayi reza da kwalbar kalanzir, don shi ke narkar da gam, ya shiga gari. Shaguna ba su ba shi wahala ba. Ya ce kuskure aka yi a hoto, matar mutane ce, aka taya shi ɓarewa. In an tambayi mai dakawa sai ya ce a gida ake yi, ya yi gaba da sauri. Kwana shida yana wannan zillewar. Rana ta bakwai wuri ɗaya ya rage, wanda ya yi ta kewayewa: majalisar 'yan acaɓa ta bakin layinsu, inda ya yi rabin rayuwarsa yana tsokanar mutane.

Yawancinsu suka bari ya kankare, ana dariya. Ban da Abdulaziz, wani ƙaton saurayi mai sitika uku a tanki. Ya rungume tankin ya ce babu manajan da ya isa. Shi da kuɗinsa ya sayi yaji, kuma ba ya cirewa sai Hajiya da kanta ta ce ya cire. Sauran suka ce ai kuwa da gaskiyarsa, a kira ta a waya kowa ya ji.

Ja'afaru ya ajiye kwalbar kalanzir a ƙasa. Ya buɗe tafukan hannunsa ya miƙa musu. Kanta ce jere a gindin kowane yatsa, fatar ta rine ta yi ja.

"Babu wata Hajiya. Matar hoton malamar makaranta ce, da mijinta, ba ta ma san an sa ba. Yajin ni nake dakawa. Tun ina shekara sha biyar."

Wani da ke kurɓar shayi ya tsaya da kofi a leɓe. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba Ja'afaru tsoro ke nan, don dariyar ya shirya wa. Abdulaziz ya dubi hannun, ya dubi tanki, ya sake duban hannun.

"Tsaya tukuna," ya ce a hankali. "Wato kai ne nake turo wa fure duk Juma'a?"

A nan majalisa ta fashe. Abdulaziz ya fizge rezar ya kankare sitikun da kansa, har da fentin tanki.

Sunan da Ja'afaru ya ji tsoro ya samu, har da wasu biyu da bai yi tsammani ba. Waya ta yi tsit. Masu shago da dama suka ce kaya ba ya tafiya, ya dakata da kawowa. Ya yi kusan sati uku turmi a kife, yana kwance yana kallon rufi, Dada na ce masa maigida ko shi ma ya tafi Umara ne.

Sai wani mai shago a Kumbiya-Kumbiya ya neme shi, yana sosa ƙeya. Ya ce magidanta sun dame shi. Wai sun koma sayen wani yaji, matansu sun ce ba shi ba ne, a nemo musu mai farar leda. Ja'afaru ya ce wace farar leda kuma, nasa ai mai hoto ne. Mai shagon ya ce to ai nan take. Mazan tun a hanya suke ɓare hoton, wani don ya manna a babur, wani don kada a tambaye shi wace ce wannan. Yawancin matan da ke zuba yajin a tuwo ba su taɓa ganin Hajiya Bilkis ba.

Chibuikem ya buga masa sabuwar sitika kyauta, 'yar ƙarama, babu hoton kowa, daga sunansa sai lambar waya. Wadda ta fara kira wata mata ce daga Kwadon. Ba ta tambayi kowa ba, ta ce da mai dakawa take son magana. Ja'afaru ya ce shi ne. Ta ce to madalla, kimbarsa ta yi yawa. Ya ce kimbarsa daidai take. Suka yi minti goma suna musu, a ƙarshe ya ce zai rage.