Ai Addu'a Na Nema Mata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da mamata ta yi wa aminiyarta ba, da yadda ta kasa buɗe baki ta ce ta yi laifi.

Lokacin Mama ce shugabar zumuntar mata a majami'armu da ke Lafiya. Mace ce mai son Allah, wannan ba na musu, amma fa cikinta ba ya riƙe magana. Aminiyar tata mutuniyar Binuwai ce, doya take sayarwa a kasuwa, tun ina goye suke tare. 'Yarta ta samu miji a majami'armu, an sa rana, ni ce ma nake ɗinka ankon ƙawayen amarya. Wata rana uwar amaryar ta zo gidanmu ta faɗa wa Mama abin da ke cin ranta: yarinyar ta yi fama da farfaɗiya tana ƙarama. Tana shan magani, ta daɗe ba ta faɗi ba, saurayin ya sani, danginsa ne ba su sani ba. Ta ce, "'Yar'uwa, ki taya ni da addu'a, amma daga ni sai ke sai Allah."

Ranar zumunta, da aka zo kan roƙon addu'a, sai Mama ta miƙe ta gyara ɗankwali. "Mata, mu sa amaryarmu a addu'a, kada ciwon faɗuwar nan ya tashi mata ranar biki." Ina wurin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggon ango tana gaba, amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi. Ba a yi sati ba danginsa suka tsaya kai da fata, saurayin ya kasa ja da su, aka fasa auren.

Daga nan Mama ta buɗe kantin hujja. Ai addu'a ta nema mata. Ai Shaiɗan ne ya shiga kunnen gwaggon. Ai ko ba ta faɗa ba, wata rana za a sani. Na ce, "Haba Mama, amana fa aka ba ki!" Ta ce in rufe mata baki, yaushe aka haife ni. Fasto ma ya zo har gida ya ce, "Mama, Ubangiji yana gafarta zunubi, amma sai wanda aka furta. Idan kin ce ba ki yi komai ba, me zai yafe miki?" Ta ce ta ji, ta kawo masa kunu.

Aminiyar Mama ta kwashe 'yarta suka koma garin Assakio wurin ƙaninta, don a kasuwa har nuna yarinyar ake yi da baki. Sai da Ista ta kusa Mama ta ce in raka ta wurin aminiyar tata. Na yi murna, har ni na biya mota.

Mun tarar da ita tana ferar doya. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Mama ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini." Na ga matar ta ajiye wuƙa, ta miƙo hannu za ta ɗago ta. Sai Mama ta ƙara da cewa, "Amma ke ma kin san zuciyata, alheri na nufa. Kuma da kun faɗa musu tun farko..."

Hannun nan ya koma. Ta ɗauki wuƙarta ta ce a hankali, "To me zan yafe miki, tunda ba ki yi komai ba? Ku gaida gida."

A mota Mama ta dube ni ta ce, "Kin gani ko? Na ba da haƙuri, ita ce ta ƙi." Kuka kawai nake yi, don na san an gama.

Yau Mama ta tsufa, ba ta iya fita. Mata na zuwa gaishe ta, amma ba ta da wadda za su zauna su yi hirar dā, kuma abin yana yi mini ciwo ƙwarai. Shi ya sa nake faɗa wa 'ya'yana, idan kun yi laifi, gaban mutum ko gaban Allah, ku ce "na yi laifi" ku ja bakinku ku yi shiru. Da idona na ga gafara ta zo dab da mamata, ita da kanta ta kore ta.