Sawun Yayana a Rumfar Zaɓe

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na iya shi ne bin sawu. In aka sace saniya ko jaki a ƙauyukanmu da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ni ake aika wa. Na san ƙafar kowa a garinmu kamar yadda na san fuskarsa.

Masu karatu suna cewa tarihin tsohuwar mazaɓarmu, wadda aka yi ta yankawa har ta ɓace, ba shi da wuya: a zaɓe biyu na farko ta bi masu mulki, bayan soja sun sauka ta juya ta bi 'yan adawa. Haka ne. Amma ni ina cikin rumfar zaɓe a na farkon.

Gab da samun mulkin kai ne. Maza kaɗai ke zaɓe, kuma ba a dangwala yatsa. Za a ba ka takarda ka shiga rumfar zana kai kaɗai. Akwatin masu mulki na dama, na 'yan adawa na hagu, ka jefa inda ka so. Aka ce ba mai ganinka sai Allah.

Ana gobe zaɓe wakilin mai gari ya kira ni. Mutum ne mai yawan dariya.

"Sarkin sawu, mun samo maka aikin gwamnati," in ji shi. "Shara."

"Shara kuma, ranka ya daɗe?"

"Za a shimfiɗa yashi a rumfar don tsabta. Duk mutum biyar, ka shiga da tsintsiya. Kafin ka share, ka duba."

Na ce mutane da takalma za su shiga.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Mai gari zai zauna a bakin ƙofa. Nuna mini ɗan da zai wuce shi da takalmi."

Haka aka yi. Takalma suka taru a gindin tsamiya, kowa ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya shiga da ƙafa tsirara. Malamin zaɓen da aka turo daga birni har yaba mana tsabta ya yi.

Kafin azahar mutum biyu sun bi hagu, wani maƙeri da wani mai ɗinki. Dukansu sai da suka fara takawa dama, suka tsaya, sannan suka tsallaka. Bayan azahar na ga na uku. Wannan bai yi kewaye ba, daga ƙofa kai tsaye ya nufi hagu. Babban yatsan ƙafarsa ta dama a karkace yake. Ina tsaye gatari ya sare shi muna yara. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Na san yana tsayawa jin 'yan adawa ranar kasuwar Maruta. An taɓa fitar da shi gyaran hanya ana tsakiyar girbi, tsuntsaye suka cinye masa gero, bai manta ba. Ban san ya kai haka ba.

Mu biyu muke noma fadamar da babanmu ya bari. Rake da albasa. In damina ta ƙi, ita ke riƙe gida biyu. Amma fadama a bakin mai gari take, shi ke bari, shi ke karɓewa.

Na share yashin. Ban san an sa wani yana leƙe ta ramin zana yana ƙirga inuwa ba. Shi bai san fuska ba, lamba kawai ya kai.

Bayan la'asar wakili ya zaunar da ni a zaure. Na ba shi maƙeri da mai ɗinki.

"Na ukun fa?"

"Ban gane shi ba. Sawun ya cakuɗe."

"Kai? Kai da ka bi bijimi daga nan har Zandam bayan an yi ruwa?" Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. "Ci. In idonka ya mutu, ba laifi, tsufa ne ya zo da wuri. Amma makaho ba ya noman fadama. Duka za a karɓe, naka da na yayanka."

Daga nan na gane ya riga ya yi zargi. Daga bakina yake so ya ji, don a ce ƙaninsa ne ya faɗa. Ina da mata da 'ya'ya uku. Na yi tunanin rabi ya fi babu. Na faɗa.

Ba a daki Yaya ba. An bari ya sare rakensa, sannan aka zo da igiya aka raba fadamar, aka ba wani mutum rabin Yaya. Yana tsaye ana awo. Da aka gama ya zo kusa da ni.

"Yatsan ne ko?"

Na ce shi ne.

"Da ka ce mini in sa safa," in ji shi.

Na ce mu noma rabin nawa tare. Ya ƙi. Da rani ya tafi Kano cin rani, damina ta zo bai dawo ba, daga baya ya aiko aka kai masa iyalinsa.

A zaɓe na biyu an sake shimfiɗa yashi, an sake ba ni tsintsiya. Ban sha wahala ba. Ko ƙafa ɗaya ba ta bi hagu ba. Maƙerin ma da ƙarfi ya taka dama, yana dannawa, don kada in rasa gani.

Soja suka zo suka daɗe. Kuɗin mai ya shigo, aka yi kwalta, rediyo ta cika gari. Da aka dawo zaɓe, akwati ɗaya ne, ana dangwala yatsa, mata ma suna layi. Ba wanda ya neme ni. A wannan karon mazaɓar kaf ta bi 'yan adawa, aka yi ta kiɗa kwana uku. Wakilin nan, ya tsufa amma dariyar na nan, shi ne a gaban motar wanda ya ci.

Na je gidan sabon ɗan majalisar sau huɗu. A na huɗu na same shi zai shiga mota. Na ce akwai mutumin da ya bi su tun ba su da kowa, aka ƙwace masa gona. Ya dafa kafaɗata.

"Baba, irinsu ne gwarazanmu. A rubuto mini."

Na sa aka rubuta. Wanda aka ba wa gonar tuni ya sayar wa wani ɗan kwangila, shi kuma ya kafa injin ban ruwa, yana da takardar gwamnati. Ɗan kwangilar shi ya sayi man motocin yaƙin zaɓen. Ba a amsa takardata ba.

Duk da haka na hau mota na tafi Kano. Na sami Yaya yana gadin ƙofar wani kamfani, a kan benci, ya rame, gemu fari. Muka gaisa kamar maƙwabta.

"Yaya, naku sun ci."

"Na ji a rediyo."

"Har garinmu. Kowa da kowa."

"Kai ma?"

"Ni ma."

Ya gyaɗa kai. "An dawo da gonar?"

"A'a."

Wata babbar mota ta yi hon. Ya tashi da kyar ya buɗe mata ƙofa, ya rufe, ya dawo ya zauna. Na jira ko zai zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

"To, ka gaida gida," in ji shi.

Bayan shekara biyu aka aiko ya rasu. A can aka binne shi. Kafin saƙon ya iso har an yi sadakar uku.