Farantan Rifkatu

Samaru, ƙarfe biyar da rabi

Kafin in fita sai da na leƙa madafa. Shekara ashirin ina sayar da irin kayan lambu, amma tsiro goma sha ɗaya sun gagare ni. Attaruhun Rifkatu ne, matata da ta rasu bara, ragowar irin da ta zo da shi daga ƙauyensu. In suka mutu, shi ke nan. Saboda ruwan Agusta da ƙadangaru na shigar da su ciki, ƙarƙashin doguwar fitilar lantarki. Sai suka zama sirara kamar tsintsiya, suna kwanciya. Bangon duk baƙin hayaƙi ne, yana shanye hasken. Na ce madubi zan sayo, ya riƙa mayar musu da hasken.

Hanya

Bas ta cika ƙarfe shida. A Palladan direba ya waiwayo.

"Baba, yau ba Mama?"

Na ce masa ta riga mu gidan gaskiya. A shingen Kwangila muka yi minti goma.

Sabon Gari

Na sha koko da ƙosai a tsaye. Ƙarfe takwas Emeka mai gilashi ya buɗe shago. Madubi huɗu, naira dubu uku. Ina cikin taya ciniki Mama Asabe mai sayar da kwanuka, ƙawar Rifkatu a zumuntar mata, ta hango ni. Na faɗa mata komai.

"Kai dai! Madubi a madafa? Ina farantan silba da na sayar mata, manyan nan na Kirsimeti?"

"Suna cikin kabad. Ban taɓa buɗe shi ba."

"To je ka buɗe. Ita ba ajiya ta saye su ba."

Emeka ya ce, "Mama, kin kashe min kasuwa!"

Na hau bas hannu wofi.

Gida, sha ɗaya da kwata

Na daɗe tsaye gaban kabad ɗin. Farantan guda shida ne, a naɗe cikin zanen Rifkatu. Na goge su da toka, na jingina su kewaye da tsiron, na sauko da fitilar kusa. Madafar ta yi haske irin wanda rabona da shi tun tana nan.

Bayan kwana goma, bakwai sun miƙe. Na gode wa Allah, na gode wa Mama Asabe. Tukunyar tsiro ɗaya zan kai mata.