Inabin Hajiya da raɓar Faransa

A tsakar gidanmu na Fagge akwai itacen inabi guda ɗaya. Wani ɗan Lebanon da Baba ke yi wa ɗinki ne ya ba shi reshen. Shekara huɗu yana hawa rumfa, ganye kawai yake yi, sai a shekarar da na gama sakandare ya fitar da 'ya'ya, nono biyar. Kakata Hajiya ta taɓa cin ɗanyen inabi sau ɗaya a hanyar Makka, ba ta kuma daina labarinsa ba. Baba ya yi mata alkawari, nonon farko nata ne. Kullum bayan la'asar takan ja tabarma ƙarƙashin rumfar tana ƙirga su da sandarta.

Lokacin kuɗin man fetur ne, kantunan Sabon Gari cike da kayan ƙasar waje. Nakan je sayen zare da maɓallai wajen wata mata 'yar Gabas, Kirista, da muke kira Madam. Ban da kayan ɗinki tana ajiye kwalaben da manyan ma'aikata ke saya. Ta san na yi Faransanci a makaranta, don ban bar kowa bai sani ba. Ran nan ta ciro wata 'yar takarda daga wuyan wata kwalba mai ruwan zuma, ta ce in karanta mata, masu saye sun dame ta da tambayar abin da ya sa wannan giyar ta fi sauran tsada.

Ban taɓa kwalbar ba, takardar kawai na karɓa. Labarin wata gonar inabi ne a Faransa, iyali ɗaya ke riƙe da ita tun kaka da kakanni. Wai wani mai gonar ya yi tafiya, ya ce kada a tsinki inabi sai ya dawo, ya kuma daɗe. Da ya dawo funfuna ta rufe 'ya'yan, duk sun yamushe. Aka matse su haka nan, sai ruwan ya fito da zaƙin da ba a taɓa ji ba. Tun daga nan suke barin inabin da gangan: da safe raɓa ta taso daga kogi ta jiƙa shi, da rana ya bushe, funfunar ta tsotse ruwan ta bar zaƙi. Mata su bi layi suna tsinkar ƙwaya ɗai-ɗai.

Madam ta ce, "Wato ruɓaɓɓe nake sayar wa manyan mutane. Wannan kam ba zan faɗa musu ba."

Ni kuwa a hanyar gida har na ga kogin, na ga kaina da kwando. Giya ba ta gabana, zaƙin nake so Hajiya ta ɗanɗana. Da inabin ya nuna, Baba ya ɗauko almakashi, na tare shi da bayanin a bar inabin ya yi funfuna irin na Faransa, har da kalmomin Faransanci biyu da shi bai ji ba. Ya dube ni, ya tuna kuɗin makarantar da ya biya, ya ba ni kwana goma. Hajiya ta ce ita dai ba ta taɓa jin an dafa tuwo an jira ya kwana goma ba, amma tunda 'yar boko ta faɗa, to.

Fagge ba ta da kogi mai raɓa, kuma bazara ce. Sai na sayi sabon famfon feshin maganin sauro na cika shi da ruwan randa. Kullum bayan sallar asuba ina ƙarƙashin rumfa ina yi wa inabi raɓa, ina jin kaina wata baiwar Allah. Na ma rubuta waƙa a kan haƙuri.

Funfuna ta zo a kwana na biyar, baƙa, mai warin tsami. Tururuwa ta biyo ta, sannan rina. Ɗaya ta harbi Inna a kunne tana shanya. A kwana na takwas Baba ya yanke nonon biyar ɗin ya zuba a faranti ya miƙo mini.

Na zauna na tsince su ƙwaya ɗai-ɗai, wannan ɓangaren kam na yi shi daidai da matan Faransa. Na samu guda bakwai a can sama, inda feshina bai kai ba, rana ta busar da su lafiya. Na wanke na kai wa Hajiya a murfin kwano. Ta sa ɗaya a baki, ta daɗe tana mamula.

"Zabibi ne," in ji ta. "Kwabo biyu a kasuwa, a cika miki hannu. Ni ɗanye aka yi mini alkawari, uwar Faransa."

Ta cinye sauran shidan duk da haka. Da shekara ta zagayo itacen ya yi nono uku. Hajiya ta tare a ƙarƙashin rumfar tun suna kore, ta cinye su da tsaminsu tana runtse ido, kuma duk sanda na gifta da buta sai ta ɗaga sanda.