Malamin da Ya Shigar da Albasa Ajin Larabci

A watan nan Malam Sahabi ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Aminina ne tun muna samari a kwalejin horon malamai, kuma a sakandare ɗaya muka koyar cikin birnin Sakkwato har muka ajiye aiki. Ni ina koyar da Turanci, shi yana koyar da Larabci, bango ɗaya ne tsakanin ajina da nasa.

Mu da tsari aka horar da mu, kuma har gobe ina alfahari da shi. Ɗalibaina suna shakkata, amma ba su taɓa shakkar Turancin ba. Da sun fita filin ƙwallo sai ka ji suna kakkarya shi, suna yi wa juna dariya, da haka bakinsu ya saba. Larabci kuwa girmama shi suke yi har suka kasa taɓa shi. Sun taso da karatun zaure, inda ɗalibi ke jan baƙi, malam na fassarawa, kuma a ganinsu kuskure a harshen ya kusa zama zunubi. Yaro zai haddace ƙa'idojin nahawu tsaf, amma ba zai iya roƙon ruwan sha da Larabci ba.

Wannan ne ya dami marigayin. Wata rana sai ya shigo aji da kwandon albasa daga gonarsa ta Dundaye, ya naɗa ɗalibi ɗaya mai sayarwa, sauran masu saye, ya ce ba wanda zai yi Hausa. Ta bayan bango na ji dariya, sannan ciniki ya kankama.

Ba a yi mako ba wani dattijon malami, mahaifin ɗaya daga cikin yaran, ya iso makarantar ransa a ɓace. Ya ce, “Malam, yanzu da harshen Alƙur'ani za a riƙa tayin albasa?” Sahabi ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, “Allah Ya gafarta malam, mutanen da aka saukar wa Littafin, da wane harshe suka ci kasuwa?” Dattijon bai gamsu ba, hukumar makaranta kuma ta hana shiga aji da kwandon. Sai Sahabi ya mayar da shi zauren gidansa, duk ranar Alhamis.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yara na tsintar Turanci a wayar hannu ba tare da sun jira irina ba, alhali a ajin Larabci da yawa har yanzu malami ke cika allo, ɗalibai na kwafa. Ba na zaton zai zargi yaran.

A daminar bana ɗan Sahabi ya turo mini 'yarsa Saratu daga unguwar Mabera, domin ta ce za ta ajiye Larabci kafin jarrabawar fita sakandare. Ita kaɗai ce ta rage tana karanta shi a jikokin Sahabi. Na tambaye ta dalili. Ta ce, “Kaka, Turanci ana hira da shi. Wanga kuwa sai dai a haddace, kuma in ka kuskure a kalle ka kamar ka yi saɓo.”

Ban yi mata wa'azi ba. Na aika aka kawo albasa, na ajiye a gabanta. Ni da na ƙare rayuwata a kan Turanci, na gyara babbar rigata, na taya da guntun Larabcin da na tsinta ta bayan bango. Ta dube ni, ta tuntsire da dariya. “Haba tsoho! Ba haka ake faɗi ba.” Ta faɗa daidai, na sake taya, ta ƙi sallamawa. Har aka kira la'asar bakinta bai koma Hausa ba.

Sahabi bai bar littafi ba, ba a kuma sa wa ko aji ɗaya sunansa ba. Amma Saratu ba ta ajiye Larabcin ba. Duk Alhamis takan zo zaurena da ƙawayenta biyu, su yi ta gyara mini harshe, ni kuma ina duban wajen da Sahabi ya saba zama in ya zo mini hira.