Muryar Inna Hajo Ba Ta Fita da Rana

A Dumega, in an gama tuwo, kakarmu Inna Hajo takan tura kara cikin wuta, mu jikoki mu matso. Ni ne sarkin naci. Ko tana sussuka da rana tsaka, sai in bi ta da roƙon tatsuniya.

"Kai maigidana, rabu da ni," takan ce. "Wa ya hwaɗa maka ana gatana da rana? Mai yi ɓacewa shika yi, ko hanyar gidansu ba shi ganewa."

Wadda na fi so ita ce ta yarinyar da doguwa, aljanar tsamiya, ta ara wa murya, da sharaɗin duk inda ta kai waƙarta, ta dawo gindin tsamiyar ta rera mata ita ma. Yarinya ta bi kasuwa-kasuwa, ana ta yayinta, komawa gida ta gagara. Ran da ta waiwayo, ta buɗe baki, mutanen garinsu suka yi cirko-cirko, ba wanda ya gane abin da take faɗa. Mu dai dariya muke sha, don Inna ta iya kwaikwayon gwarancin nan.

Da na girma, sana'ata ta zama haɗa hoto da sauti da haske, in tsaya a tsakiya in yi wasa da jikina. Ta kai ni ƙasashe da dama, mafi yawa ni kaɗai nake cin abincina a ɗakin otel. Kafin Inna ta rasu na naɗi muryarta tana tatsuniyar nan.

"Kai ta inda kaka so," ta ce, "amma kak ka hid da ni da rana."

Wani babban gidan nunin fasaha a arewacin Turai ya gayyace ni, irin gayyatar da na daɗe ina mafarki. Na shimfiɗa tabarmi, na dasa lasifika a tsakiya. Ashe lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai an daɗe da rufe gidan. Shugabar wurin ta ce a toshe tagogi mana, ai duhu duhu ne. Na ce Inna ba taga ta ce ba, rana ta ce. Ranta ya ɓaci, kuma na san da wuya su sake nemana. Haka mutane suka riƙa zama a gaban lasifikar da ba ta cewa komai, wasu har da yaba hikimar shirun.

Ranar ƙarshe maigadi ya bar ni a ciki har rana ta faɗi, na kunna. Na daɗe ina ɗauka tsoratar da mu kawai take yi da labarin, don mu bar yawo. Inna ta buɗe tatsuniya, ta dakata kamar kullum, tana jiran yara su amsa. Ba kowa sai ni, na amsa mata. Harshena ya yi nauyi, kewa ta rufe ni. Rabona da yin Hausa da wani mai rai tun ranar jana'izarta.