Malam Sun-ji Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran farfesanmu na ilimin ɗan'adam da al'adu, wanda muke kira Malam Sun-ji.

Malam, ba zan shafa maka mai ba, domin kai ka hana mu. Ɗalibai sun yi ƙorafi da kai, har da ni. Muryarka ba ta kai wa kujerun baya, ga ka da maƙon maki. Amma abin da ya fi tsaya mana a wuya shi ne dokarka: duk wanda ya yi rubutu a kan mutane, sai ya koma ya karanta musu kafin ya miƙa. Da an ajiye maka aiki a tebur, sai ka ɗago tabarau ka ce, "Sun ji?"

Na tuna abokin karatunmu da ya rubuta cewa direbobin tasha ba su da tarbiyya. Ka ce masa, "Madalla. Je ka karanta musu." Ya dawo jiƙe da gumi, jimlar nan kuwa ta ɓace daga rubutunsa. Wata ta karanta wa kakarta nata, tsohuwar ta yi kuka, ta ce ba a taɓa tambayarta komai ba sai inda aka ajiye makulli. Waɗanda suka fi zaginka a lokacin, su na gani sun fi kowa kuka a ƙofar gidanka.

Yanzu darasin yana hannuna, sashenmu na jami'a kuma zai zauna mako mai zuwa don a soke dokar, wai ɗalibai sun ce tana cinye musu lokaci. Gaskiya suka faɗa, tana cinyewa. Amma muddin ni ke riƙe da alli a ajin nan, babu mai rubuta mutum a bayan idonsa. Su shirya, ina zuwa.

Wannan rubutun ma na kai wa maiɗakinka, Inna, na karanta mata a falo a gaban 'ya'yanka, kusa da kujerarka. Da na zo inda na ce kai mai haƙuri ne, sai ta tsayar da ni.

"'Yata, goge wannan. Ba shi da haƙuri ko kaɗan, koyonsa ya yi saboda ku."

Na goge, Malam. Ta ji, 'ya'yanka sun ji. Kai kaɗai ne ban samu karanta wa ba, kuma wannan ya yi mini ciwo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Ya bai wa Inna da 'ya'ya da jikoki haƙurin rashi, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.